Teku Ya Makara

Tun daga gida na tsara darussa, Litinin har Juma'a,
na ja layi da rula, kowace awa da abin koyarwa.
Tormod na ɗaure tanti a saman mota yana murmushi.
Bai ce uffan ba. Ya san tsibirin Mull da ruwa.

Daren farko sama ta kece.
Da asuba na tarar littafin lissafi ya sha ya ƙoshi,
shafi na arba'in ya rungume na sittin,
rabi da kwata sun narke, tawada na bin su tana zubewa.
Na zauna kan akwatin abinci na yi tagumi,
ƙananan ƙwarin nan na cin wuyana ba sassautawa.

Ishbel, mai sha ɗaya, ko kallo ban ishe ta ba.
Ta ɗauki turken tanti guda da ya yi saura,
ta kafa shi a yashi, daidai inda teku ya gaji da hawa,
ta ari agogon ubanta, ta rubuta a bayan kwalin shayi:
bakwai saura kwata.

Washegari ta koma. Ruwa bai iso ba.
Ta tsaya, takalmin roba cike da yashi, tana hararar nesa,
sai da bakwai da rabi ta gota ya taho yana jan ƙafa.
"Mama, teku ya makara!"
Na buɗe baki zan zazzage mata dalili,
Tormod ya taka min yatsa.
Na haɗiye amsar. Ta fi ƙayar kifi wuyar wucewa.

Kwana huɗu tana bin teku bashi a kwalin shayi,
minti hamsin, ko kusa da haka,
ta tara, ta ɗebe, ta goge da yawu, ta sake tarawa.
Dare biyu a jere gajimare ya yaye,
ta leƙa ta bakin tanti, bargo har kunne,
ta ga wata ma sai ƙara jinkiri yake wajen fitowa.
Ta daɗe shiru.
Can ta ce, "Su biyun nan, bakinsu ɗaya."
Na juya fuska ga risho, wai ina duba kunu.

Struan kuwa, ɗan bakwai, maƙiyin baƙaƙe,
wanda in na ɗauko littafi a gida sai ƙarƙashin tebur,
ya bi sawun karen ruwa har bakin wani shinge.
Allo ne a ƙofar, fentinsa duk ya ɓaɓɓake.
Ya sa yatsa, harafi bayan harafi, kamar mai tsince tsakuwa a wake:
rufe, ƙofa, akwai, tumaki.
Ya rufe ta da ƙarfi, ya waigo ko akwai mai tafawa.
Tumaki ne kaɗai a wurin, su ma suna ta tuƙa.

Kada in yi ƙarya: har yau bakwai sau takwas na kayar da shi.
Kakarsu a Oban na tambaya ta waya, yaushe za su shiga aji irin na kowa.
Wani daren ni ma nakan kwana ido biyu da wannan tambayar,
iska na dukan tanti, ni ina juyawa.

Mun dawo, kaya na warin hayaƙi da danshi.
Ga takardar Madam Galbraith daga ofishin ilimi tana jira,
gida-gida, kowane da abin cikewa:
awa nawa na lissafi, wane littafi, wane shafi.
Na daɗe riƙe da biro.
Daga baya na goge kwalin shayin, na ninke shi biyu na sa a ambulan.
Yashi kaɗan ya bi shi ciki.
Ban kakkaɓe ba.